Fim ɗin ɗaliban Amurka a Kankun: wakilci ne ko ƙirgen fuskoki kawai?

Ummi_Zee ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gareni, kuma don Allah kar a fara min da wa'azi, na san fim ɗin ba na tarbiyya bane, karatu ne yasa na kalle shi. An bamu aiki a kwas ɗin kafafen yaɗa labarai akan yadda ake nuna jinsin mutane daban-daban a shirye-shiryen da ake cewa na zahiri ne, irin waɗanda babu rubutaccen labari kuma ba 'yan wasa bane, mutane ne kawai ake tarawa a bi su da kamara. Sai na ɗauki The Real Cancun na 2003 tunda da haka aka tallata shi, wai shine irinsa na farko da aka kai sinima maimakon talabijin.

Ga wanda bai san shi ba, matasa 16 'yan Amurka aka kwasa aka kai su Kankun a ƙasar Meksiko lokacin hutun bazara na ɗaliban jami'a, wannan hutun na kamar sati ɗaya da suke samu a watan Maris su tafi bakin teku su sheƙe ayarsu, aka zuba su a otal ɗaya aka kewaye su da kamarori. A watan Maris aka ɗauka, ranar 25 ga Afrilu har ya shiga sinima, ko wata biyu ba'a yi ba. Kamfanin Mary-Ellis Bunim da Jonathan Murray ne ya yi shi, wato masu shirin The Real World na tashar talabijin ta MTV.

To ga abinda ya ɗaure min kai. In ka tsaya ƙirga fuskoki sai kace ai an yi ƙoƙari, akwai baƙaƙe 'yan kaɗan a ciki, akwai maza akwai mata, akwai wani bawan Allah daga Texas da yace bai taɓa shan giya ba, akwai 'yan biyu mata, kowa dai da rigar da aka ɗinka masa. Amma wallahi da na gama kallo ji nayi kamar mutum ɗaya na kalla sau 16. Kusan duk ƙirar jiki ɗaya, magana ɗaya, buri ɗaya. Kuma fim ɗin gaba ɗaya a Meksiko aka yi shi amma ban riƙe fuskar ɗan ƙasar ko ɗaya ba da aka tsaya aka ji ta bakinsa.

Tambayata kenan, wannan za'a kira shi wakilci? Sannan wata ƙawata tace min ɓata lokacina nake, wai fim ɗin maye da tsiraici wa yake son a wakilce shi a ciki, ai wanda aka manta da shi shine ya tsira. Na rasa amsar da zan bata kuma abin ya tsaya min a rai.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Ummi. Ni fa ina bayan ƙawar taki ɗari bisa ɗari. Ki gaya mata wani dattijo yace ta fi ki hangen nesa a wannan karon, hhhh.

Wannan ba maganar wakilci bace, kasuwa ce tsagwaronta. Su waɗannan mutanen tun 1992 da suka fara The Real World a New York dabarar tasu ɗaya ce, a nemo mutum bakwai da basu san juna ba kuma aka tabbata ba zasu jitu ba, a kulle su gida ɗaya a jira rigima. Baƙi ɗaya ko biyu, 'yar ƙauye mai addini ɗaya, tantiri ɗaya, mai kuka ɗaya. Bambancin da kike gani ba don adalci aka sa shi ba, ashana ce da fetur ake ajiyewa kusa da juna. Da suka zo yin na Kankun sai suka ninka adadin suka ƙara giya, shikenan.

Kuma su kansu Amurkawan basu saya ba. An baza shi a gidajen sinima sama da 2,000, a ƙarshen makon farko wajen dala miliyan 2 kawai ya kawo, gaba ɗaya a Amurka ko miliyan 4 bai kai ba, ƙarshe ma sai da ya shiga jerin waɗanda aka tsayar takarar fim mafi muni na shekarar a kyautar nan ta izgili ta Razzie. To fim ɗin da masu shi suka yi asara, masu kallo suka ƙi, shine zaki zauna kina lissafin baƙi nawa fari nawa? Ni inda ɗana ne aka ce an tantance ba'a ɗauke shi ba, sadaka zan yi. Ki canja fim kawai ki huta.

Sani_ATL ya rubuta:

Baba da girmanka, amma a nan kam ban yarda ba, kuma ka yi haƙuri zan ɗan yi tsawo don abin yana da tarihi.

Ni a Atlanta nayi karatu, kuma abu na farko da mutum zai gane a can shine hutun bazara ba guda ɗaya bane a Amurka, biyu ne, an daɗe ana yinsu gefe da gefe. Akwai wanda duniya ta sani, na Fort Lauderdale da Daytona Beach da Panama City da Kankun, wanda MTV ta fara haskawa kai tsaye daga Daytona a 1986 har ya zama in ance ɗalibin Amurka a hutu hoton da ke zuwa ma mutum kenan, farin yaro da jan kofi a hannu. Sannan akwai na ɗaliban jami'o'in baƙaƙe, irin su Morehouse da Spelman da Howard da Florida A&M, wanda su suka haɗa abinsu da kansu.

Freaknik misali. A 1983 ya fara, kuma ba wani gagarumin abu bane, ɗalibai ne 'yan asalin yankin Washington da ke karatu a jami'o'in baƙaƙe na Atlanta, basu da kuɗin komawa gida hutu, sai suka haɗa ɗan fikinik a filin shaƙatawa suka gasa nama suka sa kiɗa. Ki lura da wannan Ummi don yana da amfani a aikinki, rashin kuɗin tafiya ne ya haife shi. Kafin tsakiyar shekarun 1990 ya zama taron da ake kiyasin mutum 200,000 ko fiye suna shigowa gari, titi ya cushe mota bata motsi mutane su fito su hau kan bonet suna rawa. Magajin garin lokacin Bill Campbell, shi ma baƙi ne, ya sa 'yan sanda suka riƙa toshe hanyoyin sauka daga babban titi, ga kuma gasar Olamfik ta 1996 tana tafe gari yana son wanke fuskarsa, zuwa 1999 abin ya mutu. Kuma ba zan yi ƙarya ba, an yi ɓarna a Freaknik musamman cin zarafin mata a shekarun ƙarshe, duk wanda ya zauna da matan da suka halarta zai ji. Sai a 2024 Hulu, dandalin kallon fina-finai ta intanet, ta fitar da fim ɗin tarihinsa, shekara 25 bayan ya mutu.

Na Daytona kuma shine ya fi nuna abinda nake son faɗa. Gari ɗaya, bakin teku ɗaya. A 1984 ɗaliban Bethune-Cookman da Florida A&M suka fara taronsu na Black College Reunion, yana zuwa ne bayan fararen sun gama nasu. A 1999 wasu baƙaƙen da suka sauka a otal ɗin Adam's Mark lokacin taron suka kai ƙara cewa an sa su ɗaura wani zare ruwan lemo a hannu kafin a barsu su shiga otal ɗin da suka biya kuɗinsa, abinda ba'a yi wa farare ba, har ma'aikatar shari'a ta Amurka da kanta ta maka kamfanin a kotu a ƙarshen shekarar. Shekara huɗu kacal kafin fim ɗin da kike magana.

To yanzu a dawo kan maganar Baba cewa wanda aka manta shine ya tsira. Matsalar ita ce ba mantawa ake yi da su ba, wani wurin ake nuna su. Farin yaro ya sha ya yi tatul ya faɗa cikin kwamin wanka da kayansa, an sa masa kiɗa mai daɗi an kai sinima, sunan abin ƙuruciya, kowa yayi dariya yace ai yaro ne zai girma. Baƙin yaro sa'ansa ya yi irin wannan haukan, a labaran ƙarfe shida na yamma zaka ganshi, an ɗauko shi daga jirgi mai saukar ungulu, ga motocin 'yan sanda, sunan abin barazana ga tsaro. Hali ɗaya, kamara biyu. Wannan shine abinda rashin wakilci yake haifarwa, ba wai baƙaƙe suna kukan a basu damar yin tsiraici a fim bane, suna cewa ne in mun yi wautar da kowa yake yi a shekara 20 a kalle mu da idon da ake kallon kowa.

Na ga wannan da idona a wani bakin teku a Florida, ba a labari ba. Mun je mu biyar, dukkanmu baƙaƙe, biyu a cikinmu ko lemon kwalba mai gas basa sha balle giya. Kusa damu wasu fararen yara sun kai su goma sha, sun binne wata ƙatuwar kula a yashi suna ta ɗiba suna ihu, ɗaya har ya yi amai a gefen tawul ɗinsa ya tura yashi da ƙafa ya rufe. Ɗan sanda ya zo akan babur ɗin yashi mai ƙafa huɗu, ya wuce su ya ɗaga musu hannu, ya tsaya a kanmu yace a rage sautin sipika kuma a buɗe masa jaka ya gani. Ruwa ne da biskit da caja. Ya ce mu yini lafiya ya tafi. Babu wanda ya zage mu babu wanda ya taɓa mu, amma har muka koma masauki ba wanda ya ƙara kunna kiɗan.

Kuma abin bai wuce ba, a Maris 2021 Miami Beach ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare, 'yan sanda suka harba harsashin barkono kan taron da yawancinsa baƙaƙe ne a titin Ocean Drive, shugabannin baƙaƙe na yankin har da reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, suka fito suka ce da farare ne da ba haka za'a yi ba.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Sani na ji ka, kuma labarin ɗan sandan nan ya taɓa ni. Amma kar ka manta Fort Lauderdale ma ta kori nata, kuma farare ne. A 1985 ɗalibai wajen 350,000 suka cika garin, shekara na zagayowa aka hana shan giya a bakin teku aka dinga kame, magajin gari ya fito ƙarara yace basa son su. Ba kowane korar ɗalibai bace wariya, wani lokacin mutanen gari ne kawai suka gaji da amai a ƙofar gidansu. A riƙa faɗin duka biyun.

Hajjo_Edita ta rubuta:

Baba gaskiyarka akan Fort Lauderdale, amma su an kore su ne kuma aka ci gaba da yi musu fim ana nuna su a matsayin yara masu jini a jika, Daytona ta buɗe musu ƙofa MTV ta bi su can. Bambancin kenan da abinda Yaya Sani yake faɗa.

Ummi ƙanwata, ni ta wani ɓangaren zan shigo miki tunda aikina kenan, yankan bidiyo da haɗa shi. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta da hoton biki na awa shida aka ce ya mayar da shi minti ashirin ya san cewa wanda ya riƙe almakashi shine mai labari, ba wanda ke gaban kamara ba. Yanzu ki ɗauka mutum 16, kamarori suna aiki dare da rana sama da sati, a ɗaki a bakin ruwa a kulob, sannan a matse duk wannan ya koma awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna, kuma cikin 'yan makonni don a riga wasu shiga kasuwa. Mai yankan bashi da lokacin gano waye wannan yarinyar, me take karanta, waye ya biya mata makaranta. Abinda zai yi shine ya ba kowa layi ɗaya. Wannan shine salihin da za'a lalata, wannan shine mai farautar mata, wannan itace mai saurayi a gida da za'a ga ko zata ci amana. Duk abinda mutum ya faɗa da bai hau layinsa ba sai ya faɗi ƙasa. Har akwai dabarar da aka san masu irin waɗannan shirye-shiryen da ita, a yanko rabin jimla daga hirar ranar Litinin a liƙa da rabin ta ranar Alhamis, a ɗora muryar akan hoton bayan kan mutum ko hoton teku yadda ba zaki ga leɓensa ba, sai ki ji ya faɗi abinda bai taɓa faɗa a jere ba. In kina kallo ki ji murya ta ɗan canja sauti a tsakiyar magana kuma ba'a nuna fuskar mai maganar ba, to ki sa alamar tambaya.

Shi yasa kika ji kamar mutum ɗaya kika kalla sau 16. Ki duba yaron Texas ɗin nan, shi aka ba labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, ya zo baya sha, aka yi ta zuga shi, ya sha, ya zama gwarzon fim. Su kuma baƙaƙen me aka basu? Yawanci labarin neman aure-ba-aure ne a tsakaninsu, saurayi yana bin budurwa tana ja masa aji. Ba laifi bane a nuna hakan, amma ki tambayi kanki me yasa sauyin rayuwa na wancan ne, su kuma nasu ya tsaya a zagaye ɗaya. Suna cikin hoto, amma fim ɗin ba nasu bane.

Kuma abin haushin shine kamfanin nan ya san yadda ake yin na gaskiya, don ya taɓa yi. A 1994 a The Real World na San Francisco sun sa Pedro Zamora, ɗan asalin Kuba mai ɗauke da cutar HIV, aka bashi lokaci sati bayan sati yana magana da bakinsa akan ciwonsa da iyalinsa da tsoronsa, ya rasu a Nuwamban shekarar yana da shekara 22, har shugaba Bill Clinton ya yaba da abinda ya yi wajen wayar da kan mutane. Ko mutum ya yarda da rayuwarsa ko bai yarda ba, ya fito a matsayin cikakken ɗan adam. A ɗaya hannun kuma kakar farko ta 1992 akwai Kevin Powell, marubuci ne mai ilimi, amma abinda mutane suka riƙe shine cacar bakin da ya yi da wata farar yarinya 'yar Alabama a bakin titi akan wariyar launi, aka liƙa masa sunan baƙi mai fushi ya daɗe yana yawo da shi. Kamfani ɗaya, shekara biyu tsakani. Abinda ya raba su shine minti nawa aka ba mutum da kuma wane minti aka zaɓa.

Sai maganar 'yan Meksiko da kika taɓo kika wuce, ni a ganina nan ne ma zuciyar aikinki take, kar ki barta a layi ɗaya. Kankun ba tsohon birni bane, kafin 1970 'yan masunta ne kawai a wurin da gonakin kwakwa, gwamnatin Meksiko ce ta zaɓi wurin takanas ta gina shi don 'yan yawon buɗe ido masu dala, jihar Quintana Roo ɗin ma sai 1974 ta zama jiha. Waɗanda suka ɗauki bulo suka gina otal-otal ɗin, da waɗanda ke gyara gado da wanke bayi da soya abinci har yau, da yawansu 'yan ƙabilar Maya ne daga ƙauyukan Yukatan da masu zuwa ci-rani daga jihohi irin su Chiapas da Tabasco. Basa kwana a zirin otal-otal ɗin, cikin gari suke, da asuba suke hawa bas su bi titin Kukulcan su zo aiki. Kuma dalilin da yasa yaran Amurka ke tsallakowa can ba boyayye bane, a ƙasarsu tun dokar 1984 sai ka kai 21 zaka sayi giya, a Meksiko 18 ne. Wato an je ƙasar mutane ne don a yi abinda doka ta hana a gida, sannan aka sa wa fim ɗin suna wai Kankun na gaskiya, alhali mutanen Kankun na gaskiya hannunsu kawai ake gani yana miƙo kofi. Matar da ta shiga ɗakin nan da safe bayan an yi daren hauka ta tarar da abinda ta tarar, minti biyu da ita sun fi min duk gasar rawar da aka cika fim ɗin da ita. Amma ba za'a tambaye ta ba don amsarta zata ɓata wa mai kallo nishaɗi.

Matan cikin fim ɗin ma kar ki ce an wakilce su don sun kai rabi. Ki duba inda kamara take sauka in mace ce a gabanta da inda take sauka in namiji ne, ki duba ko akwai mai ƙiba ko ɗaya, ko mai nakasa, ko wadda ta zo ta ce ita bata shiga ruwa da irin wannan kayan. Ba'a hana su zuwa Kankun ba, a wurin tantancewa aka sauke su.

Ummi_Zee ta rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Anti Hajjo kin buɗe min ido akan maganar almakashi, Yaya Sani labarin Daytona zai shiga aikin. Baba kai kuma ba zan canja fim ba sai dai kayi haƙuri, hhh.

Wani abu da na tuna ina karanta ku, a watan da ake ɗaukar fim ɗin ne Amurka ta shiga Iraƙi, 20 ga Maris 2003. Wato sa'annin waɗannan yaran, 'yan 19 da 20, wasu suna cikin hamada da bindiga, wasu kuma suna bayan kanta a shago suna aiki duk hutun don su haɗa kuɗin makaranta, su ma ai ɗalibai ne kuma su ne masu yawa. Kenan har a cikin fararen ma wani aji aka ɗauka aka bar saura.

Amma ga ƙarin tambaya. Yanzu ai ance abin ya canja, har wasu tashoshi sun taɓa sa ƙa'idar adadi. In da yau za'a sake yin fim ɗin a ce rabi baƙaƙe da 'yan Latin da 'yan Asiya, shikenan an gyara?

Sani_ATL ya rubuta:

Adadi yana aiki, kar kowa ya ce miki baya yi. A Nuwamba 2020, bayan zanga-zangar kisan George Floyd, tashar CBS tace daga kakar 2021 aƙalla rabin mutanen da zata sa a shirye-shiryenta na zahiri irin su Survivor da Big Brother da Love Island zasu zama waɗanda ba farare ba. Shekara na zagayowa a Big Brother, inda 'yan gidan ke fitar da juna da ƙuri'a, baƙaƙe shida suka haɗa kai a ɓoye suka fitar da kowa har suka rage su shida, Xavier Prather ya ci, baƙi na farko da ya ci babban shirin tun da aka fara shi a 2000. Abinda yasa hakan bai taɓa faruwa ba a baya lissafi ne kawai, in ku biyu ne cikin 16 ba ku da ƙuri'a, kuma duk abinda ɗayanku ya yi an ce halin baƙaƙe ne. In kun kai shida sai a ga ashe wannan mai wayo ne wannan rago ne wannan mai surutu ce, kowa ya koma mutum da halinsa.

Amma adadi kaɗai yana iya zama wasan kwaikwayo. A 2006 Survivor ta raba mutum 20 gida huɗu bisa launin fata, farare, baƙaƙe, 'yan Latin, 'yan Asiya, aka ce su kara. A takarda babu kakar da ta kai ta bambancin launin fata a lokacin, kuma Yul Kwon ɗan asalin Koriya ne ya ci, amma kowa ya san don a ja hankali aka yi, surutu ya yi yawa, kuma su kansu basu daɗe ba suka rushe rabon suka cakuɗa su. The Bachelor kuma, shirin da namiji ɗaya ke zaɓar masoyiya cikin mata da yawa, tun 2002 ake yi, a 2012 wasu baƙaƙe biyu suka kai ƙara akan ba'a taɓa sa baƙi a matsayin jagora ba, kotu a Tennessee ta kori ƙarar tace zaɓen wanda za'a sa a shiri yana ƙarƙashin 'yancin faɗin albarkacin baki. Ki riƙe wannan, doka bata tilasta musu, sai matsin masu kallo da masu talla. Sai 2017 aka samu baƙar fata ta farko a matsayin jagora, Rachel Lindsay, a The Bachelorette inda mace ce ke zaɓa, sai 2021 Matt James a The Bachelor, kuma ita Rachel ɗin daga baya ta fito ta soki yadda shirin ya tafiyar da ita ta raba gari da su.

Ni abinda na fi ba muhimmanci a sanarwar CBS ɗin ma ba rabin fuskokin bane, ɗaya alƙawarin ne da mutane basu cika ambata ba, cewa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ƙirƙiro sabbin shirye-shiryen zahiri zai tafi ga furodusoshin da ba farare ba.

Hajjo_Edita ta rubuta:

Yauwa Yaya Sani, nan nake jira ka iso. In an sake fim ɗin yau da rabi da rabi amma masu tantancewa da masu yanka suna nan yadda suke, kuma har yanzu ɗan Meksiko tire kawai yake riƙewa, to fosta ce ta canja.

Ummi ga abinda zaki yi a aikace, don malami ba zai baki maki akan ji nayi kamar ba. Ki sake kallon fim ɗin da agogon waya a hannu da takarda. Ki ja layi ga kowane mutum cikin 16 ɗin, ki rubuta sakan nawa yayi yana magana shi kaɗai da kamara, da kuma akan me, kansa ne ko wani yake bi. Ki ja wani layin daban ga duk ɗan ƙasar da ya bayyana, ko an sa sunansa a ƙasan allo, ko ya furta jimla cikakkiya, ko da wane yare. Sannan ki tsaya har ƙarshen sunayen ma'aikata da ke hawa bayan fim ya ƙare, wanda kowa ke kashewa, ki ga su waye furodusoshi da editoci, su waye kuma direbobi da masu ɗauko kaya. Zai ci miki yamma ɗaya, ki tanadi abin toshe kunne saboda ihun.

Baban_Khalifa ya rubuta:

To shikenan kun taru kun fi ni baki. Maganar matar da ke gyara ɗaki na karɓa, wannan kam an zalunce ta. Amma har yanzu ina nan akan bakana, ɗana dai ba zai je tantancewar ba ko da rabi da rabi ne ko duka ne. Ummi in kin gama ƙirgen ki kawo mana lambobin nan mu gani, ina so in san sakan nawa aka ba 'yan Meksikon.